Daga Yamai zuwa Tawa da bokal ɗin wani a kunnena

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya na sauka Tawa, har yanzu kaina bai bar sarawa ba. Ƙarfe 5 na asuba muka tashi daga Yamai a kar ɗin wani kamfani, tafiyar kilomita wajen 550, na ce alhamdu lillahi, zan rama barcin da na bari. Tun ba mu fita gari ba wani bawan Allah a kujerar bayana ya buɗe WhatsApp ya shiga sauraren bokal, wato saƙon murya, wannan na ƙarewa wancan na farawa, murya a ƙure. Kafin Doso na san ƙaninsa ya sayar da ragonsa ya cinye kuɗin. Kafin Dogon Dutse na san wadda ta zuga ƙanin. In zai mayar da amsa kuwa, sai ya kanga salula a baki kamar zai gatsi masa, ya yi ta ihu. Da aka tsaya a Ƙonni na sauko da niyyar in yi masa magana, ina juyawa na ga gemu fari fat. Sa'an babana ne. Na haɗiye maganata, muka kama hanyar Tsarnawa da Badagishiri, aka ci gaba da shari'ar rago. Ku in haka ta same ku, yaya kuke yi?

Maman Nana:
Kai naka na yini ɗaya ne. Ni kullum sai na shiga faba-faba daga Talladje zuwa Babbar Kasuwa. Ranar nan salula uku ke kuka lokaci ɗaya: wani saurayi na kallon TikTok, wata na faɗa da mai ɗinkinta, wani Alhaji na cinikin buhunan albasa. Nana kuwa ta kwana da zazzaɓi, sai a motar ta samu barci a cinyata. Na taɓa saurayin na ce, ɗana don Allah rage, ƙanwarka ba ta da lafiya. Wallahi nan take ya kashe, har da “yi haƙuri Inna”. Alhajin na ji, ko gezau. Ana ta cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya, amma ni yaro ya fi mini sauƙin yi wa magana.

Mushe Lazare:
Akwai wadda ta fi waɗannan wuya, kuma kowa na tsoron faɗinta: wa'azi da karatu. Na taɓa shiga taksi daga Harobanda, mun hau gadar Kennedy cunkoso ya riƙe mu, wani a gaba ya saki karatun Alƙur'ani har ƙofar mota na rawa. Ina so in amsa kiran darektan lakwal ɗinmu, na ce Malam ko za ka ɗan rage. Ya waiwayo ya ce, “Maganar Allah ce ba ka son ji?” Duk motar aka zubo mini ido, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani tsoho da ke gefena, mai tazbaha, shi ya cece ni. Cikin sanyin murya ya tuna masa ayar da ke ƙarshen Suratul A'araf, cewa in ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Ya ce, “To ga shofer na rigimar canji, ga masu oda, ga wannan zai amsa waya. Kai da ka kunna a nan, wa ka ɗora wa nauyin?” Mutumin bai ce uffan ba, ya rage. Da ni na faɗi wannan maganar, da ƙila sai an raba mu.

Tsohon Aparanti:
Bari in shigar wa ɓangarenmu. Na yi shekaru a hanyar Tawa. Shofer ɗin da ake yawan kuka da kiɗansa tun ƙarfe 3 na dare yake tsaye a tasha. Ku kuna gyangyaɗi da kilima, shi idonsa na kan gudiron, ga ramuka, ga jakai da amalanke. Kiɗan nan da goro su ke riƙe shi. Sannan masu bokal, da yawansu ba su yi lakwal ba. Ɗan bida ne ya dawo daga Abijan ko Libiya, bai iya rubutu ba, bokal ita ce wasiƙarsa. Ba wulaƙanci yake nufi ba, shi a ganinsa mota da gindin bishiya duk ɗaya.

Ƴar Jami'a:
Baba Aparanti, uzurin shofer na karɓa, na masu bokal ban karɓa ba. Ba sai ka iya karatu ba. In ka kunna bokal ka kara salula a kunne kamar mai amsa kira, WhatsApp da kansa yake mayar da muryar ta ƙaramar lasifika, kai kaɗai za ka ji. Kakata na koya wa, sau ɗaya ta gane.

Kuma tunda an buɗe zancen, mu mata hayaniya ce ƙaramar damuwarmu. A faba-faba namiji zai ware ƙafafu ya cinye wurin mutum biyu, ki takure, ya ƙara matsowa. In kin yi magana a ce kin cika fitina, wani ya ce “kala suuru” da Zabarmanci, wani ya ce sai haƙuri, mota ce. Ni yanzu jakata nake sakawa tsakanina da ko wane ne.

Hajiyar Bukoki:
Gaskiyarki ƴata. Ni kuma masu tofar da yawu ta taga. Mota na gudu, na gaba ya tofar da tuƙar goro, iska ta dawo da ita kan farin mayafina, ina hanyar zuwa suna. Ban ma san wanda zan kama ba.

Baban Sani:
Amma fa mu faɗi gaskiya, ba kowace ƙara muke ƙi ba. Lokacin kokowar takobi na taho daga Doso, wani ya kunna rediyo ana watsa karawar Issaka Issaka, ɗan kokowar Doso. Ba wanda ya ce a rage. Cewa ma aka yi ya ƙara, wata tsohuwa daga can baya tana tambaya “wa ya faɗi?”, shofer na dukan sitiyari. Wanda ke zaune kusa da ni ɗan Maraɗi ne, shi kaɗai ya ɓata rai, shi ma ba don ƙarar ba.

Ɗan Ader:
Na gode. Baban Sani, wannan ai kowa ya yarda a ji, shari'ar rago kuwa ba wanda aka tambaya. Lahadi zan koma Yamai. Na sayi ekutar, abin saurare na saƙalawa a kunne, guda biyu a kasuwa, ɗaya tawa, ɗaya ta ajiya ko da zan sake haɗuwa da irinsa. Abin da ban sani ba, miƙa wa dattijo ekutar kyauta ce ko zagi?

Tsohon Aparanti:
Kar ka miƙa da kanka. Ka bari sai an tsaya a Ƙonni, ka saya masa ruwan sanyi, ka gaishe shi, ka tambayi labarin ragon. Ekutar ɗin kuma ka ba aparanti, ka ce ya ce masa kamfani ke rabawa.