Ƙaramin adashi ko babba: abin da mata suka ce

Jiya bayan La'asar mun zauna da wasu mata masu sana'a, hira ta gangaro kan adashi: na mutum 10 ya fi, ko na mutum 50?

Lissafin dai a fili yake. In zubi naira 5,000 ne duk mako, a ƙaramin za ki kwashi 50,000, zagaye ya ƙare cikin mako 10. A babban kuwa 250,000 ce, kuɗin da za su sayi keken ɗinki har da canji, amma ta ƙarshe sai ta jira kusan shekara. Nan aka fi daɗewa ana magana. Wata mai ƙosai ta ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin da suka kwana wata 10 a hannun wani ba sa sayen wake da man gyaɗan da suke saya a da. Gaskiya ta faɗa.

Yawancinsu sun fi son ƙarami, don kowa ta san ƙofar gidan kowa, kunya ma tana hana cin zubi. Nima can na karkata.

Ga mai son babba, shawararsu ita ce ta fara bincikar uwar adashi, a rubuta kowane zubi a littafi, sabuwar shiga kuma a ba ta kwasar ƙarshe. Mai sayen hatsi ta nemi kwasarta ta faɗo lokacin kaka.