Rage nauyin babur ɗin gudu: me kuka canza, yaya kuka ji shi a hanya?

Mai R6, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Babur ɗina Yamaha R6 ne ƙirar 2017. A takardar kamfani kilo 190 ne idan tanki ya cika, ni kuma so nake in rage masa nauyi ba tare da an buɗe inji ba. Kuɗin da na ware ba za su isa a yi komai lokaci ɗaya ba, shi ya sa nake so in ji daga bakin waɗanda suka riga suka taɓa nasu. Da me kuka fara, nawa ya ragu, kuma ya jure hanyoyinmu?

Mai CBR, Abuja

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da batir, don shi ne mafi araha a duk abin da za a faɗa maka. CBR600RR ɗina da YTZ10S ya zo, kilo 3 da ɗoriya. Na sa na litiyom, na ɗora shi a sikeli bai kai kilo 1 ba. Ka ga sama da kilo 2 sun tafi ke nan, kuma daga ƙarƙashin kujera, wurin da yake sama. Naka batir ɗin ka auna shi tukuna, don ba kowane babur ne ke zuwa da girma ɗaya ba.

Sharaɗi guda: kafin a saka, a gwada rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, da mita inji yana aiki. Idan wutar tana haura bolt 14.6, litiyom ba ya jurewa. Kuma kada ka yarda a jona shi da cajar batirin mota, tasa daban ce. Idan zan yi tafiya in bar babur a gareji, cire waya ɗaya nake yi, saboda idan ya zube ƙasa gaba ɗaya da wuya ya dawo daidai.

Bakanike, Kano

Yaro, na daɗe ina kwance manyan babura, kuma kowa ya shigo gareji maganar salansa yake fara yi. To ka ji yadda take. Kamfani ya riga ya yi wa R6 bututun ƙarshe da titaniyom, gajere ne, ba shi da wani nauyi. Idan shi kaɗai ka canza, ƙara ka saya, sikeli ba zai nuna maka abin kirki ba. Nauyin yana cikin tukunyar da ke ƙarƙashin inji, inda matatar hayaƙi take, ga kuma bawul ɗin EXUP mai daidaita fitar hayaƙi da wayoyinsa da ƙaramar motar da ke juya shi. Sai an sauya salansa tun daga bakin inji har ƙarshe ake samun kilo uku, huɗu, wani babur ma fiye.

Amma da zarar ka yi haka, iska ta samu hanya, man da kwamfutar babur ke bayarwa ba ya isarta. Inji zai riƙa zafi, ya riƙa harbi idan ka saki totur, ƙarfin ƙasa-ƙasa kuma ya ragu. A zafin Kano na watan Afrilu wannan ba abin wasa ba ne. Dole a gyara lissafin kwamfutar, ko a sa Power Commander, wata na'ura mai daidaita man da inji ke samu, kuma mai gyaran ya zama wanda ya san aikin. Kuɗin wannan ka haɗa shi da na salansa tun farko.

Sai maganar jabu. An sha kawo mini salansa da tambarin Akrapovič ko Yoshimura a jiki, alhali ko ƙofar kamfanin ba ta taɓa gani ba. Ka ɗaga ta ka ji ta yi nauyi, waldar ta yi kaca-kaca, tambarin kuma sitika ce. Titaniyom kusan rabin nauyin ƙarfe yake, hannu ma yana ganewa.

Mai R6, Kaduna

Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi bututun ƙarshen kawai nake shirin saya. Kun cece ni daga asara.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da hira. Ni abin da na yi wa moto ɗina shi ne sarƙa. R6 da sarƙa mai lamba 525 take zuwa, mutane kuma suna komawa 520 saboda ta fi siranta, su haɗa da sufoket ɗin baya na alminiyom, wato faifan haƙoran da sarƙa ke bi. Na yi hakan. Abin da ya ragu bai kai kilo guda ba, sai dai nauyi ne mai juyawa, don haka ana ɗan jin sa wajen tashi.

Matsalar ita ce rairayi. Ku da kuke da kwalta ko'ina ban san naku ba, amma mu nan da hunturu ya kama, ƙura ta haɗu da man sarƙa, haƙoran alminiyom cinyewa suke tun kana kallo. Nawa sun yi tsini sun karkace tun sarƙar tana da sauran rai. Yanzu 520 ɗin nake amfani da ita, amma mai zoben roba ta kamfanin kirki, sufoket kuma na ƙarfe. Na yi asarar ɗan gram, na samu kwanciyar hankali. Kuma a canza su ukun tare, sarƙa da sufoket na gaba da na baya.

Mai Hayabusa, Zariya

Duk na ji bayananku, amma ni a wurina ba a zo kan magana ba sai an zo kan wili. Hayabusa ɗina ƙirar 2008 kilo 260 ne. Na canza batir, na canza salansa biyun nan masu nauyi, sikeli ya nuna, amma hannuna bai ji wani bambanci sosai ba sai ranar da na sa wilin alminiyom na Marchesini. Kwana ta farko na gane. Babur ya kwanta da kansa, birki ya fi kamawa, shokazoba ta daina dukana a kan ƙananan kunya-kunyar kwalta.

Dalilin a bayyane yake. Wili ba ya kan shokazoba, a ƙarƙashinta yake, duk abin da ya taka shi ne ke fara tsalle. Idan ya yi sauƙi, taya tana saurin komawa ƙasa ta riƙe hanya. Ga shi kuma yana juyawa, abu mai nauyi in yana juyawa da gudu ba ya son a karkatar da shi. Kilo ɗaya a bakin wili ya fi kilo ɗaya a kujera tasiri nesa ba kusa ba. Da zan sake farawa, da shi zan fara ko da sauran za su jira.

Mai CBR, Abuja

Alhaji, gaskiya kuka faɗa, amma kuɗin wili biyu ya isa a sayi ƙaramin babur sabo. Na kabon fa, irin na kamfanin BST na Afirka ta Kudu? Na ji an ce sun fi kowane sauƙi.

Mai Hayabusa, Zariya

Sun fi sauƙi, ba musu. Ducati ma da su ta fitar da Superleggera V4 a 2020, har firam ɗinsa kabon ne, kilo 159 ba mai ba ruwa. Amma ni ban saya ba, saboda ramukanmu. Alminiyom idan ya daki rami lanƙwashewa yake, ka gani da idonka ka tsaya. Kabon yana iya tsagewa a ciki, waje yana sheƙi lafiya lau. Sannan masu facinmu da ƙarfe suke ɓanɓare taya, kabon kuma ba ya son haka. Wanda zai hau filin tsere ya saya, mai bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa ya yi tunani.

Mai Ninja 400, Jos

Yayyena, ku bar ni in sa baki duk da nawa ƙarami ne, kilo 168. Akwai nauyin da ba a sayen komai kafin a rage shi. Litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, don haka lita 17 ta tankin R6 ta haura kilo 12. Idan yawon cikin gari ne rabin tanki nake sha, kilo biyar sun sauka ke nan a nawa. Na cire matakan fasinja tunda ba na ɗaukar kowa, na rage dogon ƙarfen da ke riƙe lamba.

Abin da ba na so in gani shi ne masu cire madubi da sigina wai don sauƙi. Duka ba su kai kilo ɗaya ba, kuma a hanyar da tirela ke bin bayanka madubi rai ne. Ga 'yan Road Safety ma ba za su ƙyale ka ba, kuma da gaskiyarsu. Idan an gama rage nauyi a sake saita shokazoba daidai da jikin mahayi. Ni ba ni da jiki, sai da aka sassauta ta baya kafin babur ya zauna mini.

Bakanike, Kano

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Bari in ƙara da kusoshi, don abin yana damuna. Waɗannan masu launi na alminiyom, ja da shuɗi da ruwan gwal, a jikin roba da gilashin gaba kawai suke da wuri. Na taɓa karɓar babur da aka ɗaure kalifar birki da su, sai da gabana ya faɗi. Birki, gatari, maɗaurin inji da na shokazoba, ko ƙarfen kamfani ko titaniyom na gaske mai daraja ta 5. Shi ma titaniyom ɗin a shafa masa man hana kamewa idan zai shiga alminiyom, a ɗaure da sifana mai awo. Kuma kada wani ya huda maka firam ko faifan birki.

Ka kuma san iyakar abin. Baburan gasar Superbike ta duniya, da duk kuɗin da ake zuba musu, doka ba ta yarda su gaza kilo 168 ba, na MotoGP 157. Naka idan aka zare fetur yana wajen 177, da fitila da komai. In ka sauke kilo bakwai ko takwas ka yi ƙoƙari.

Mai R6, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da gwada rektifaya da batir, sai sarƙa 520 da sufoket na ƙarfe idan wannan ta ƙare. Salansa zan jira har kuɗin gyaran kwamfuta su haɗu. Alhaji, wilin naku sabo kuka yi oda ko na hannu ne? In na hannu ne, me kuka duba kafin ku biya?

Mai Hayabusa, Zariya

Na hannu ne. Na sa an cire tayoyin, aka ɗora kowane a gatari aka juya shi da agogon awo a gefe don a ga ko ya karkace. Na duba gindin kowane ƙafa da fitila ko akwai tsaga ko alamar walda a ƙarƙashin fenti. Ka tabbata an haɗo maka da mariƙin sufoket da zobban tazara, kuma tunda naka mai ABS ne, wato na'urar hana birki kulle taya, ka tambaya ko zoben na'urar zai zauna a kai kafin ka tura ko sisi.