Neman kalma: me za mu ce wa 3D a Hausa, musamman na fuskar kwamfuta?

Salam 'yan uwa masu harkar kwamfuta da masu fassara. Wani bayani nake rubutawa a kan irin fuskar kwamfutar nan da ake yi wa tiri-di, wadda windo, wato tagar da manhaja ke buɗewa a cikinta, ke juyawa yana karkacewa kamar ka sa hannu ka ɗauko shi, sai na cije a wajen sunan. Tiri-di dai kowa na faɗa, yara ma sun san shi saboda fim da gem, amma in ka zo rubutu kana so wanda bai taɓa ji ba ya gane, me za ka ce? Ku kawo naku, ni ma ga abin da ke raina, in da gyara a gyara.

Mu fara sallamar waɗanda ba za su yiwu ba. "Mai kusurwa uku" da nake yawan gani, wannan ai alwatika ce, kuma alwatika a shimfiɗe take a kan takarda, ba ta da tiri-di ko na anini. "Mai girma uku" kuwa wlh duk sanda na karanta sai in ji kamar ana gabatar da manyan baƙi a wajen taro. "Mai fuska uku" ya ɗan fi su, to amma ƙirga fuskokin akwati ka gani, shida ne, ƙwallo kuma guda ɗaya tal, kuma dukkansu tiri-di ne. Balle ma mun san abin da ake nufi da mai fuska biyu, ina ga mai uku.

Abin da harafin D ɗin ke ƙirgawa shi ne ta hanya nawa za ka auna abu. Takarda tsawo da faɗi, biyu kenan. Akwati tsawo da faɗi da zurfi, uku. Shi ya sa ni nake ganin "mai awo uku" ya fi kowanne kama hanya, sai 2D ya zama "mai awo biyu", ba sai an sake ƙirƙirar wata kalma ba.

Malam da ka ce awo zai sa mutane su tuna awon hatsi ko awon ciki, haka ne kam, na yi dariya. Amma tela ma awo yake yi, mai gini ma awo yake yi, kuma in aka ce "hoto mai awo uku" ba wanda zai nufi asibiti. "Ma'auni uku" da ka kawo a madadinsa, ma'auni ai abin da ake awon da shi ne, sikeli ko tef, sai ya zama kamar hoton na da sikeli uku.

To ga inda gizo ke saƙar. Awo uku ya yi daidai da firinta mai fitar da abu ka riƙe a hannu, ya yi daidai da zanen gini ko hoton sikanin na asibiti da likita ke jujjuyawa yana duba ƙashi ta kowane gefe. Amma fuskar kwamfuta fa? Sikirin ɗin shafaffe ne, mawus ɗinka a kan tebur yake tafiya hagu da dama, gaba da baya, ba ya nutsewa ba ya tashi sama. Awon na ukun ido kawai ake yaudara da inuwa da karkata layi da ƙanƙanta abin da ake so ya yi kamar yana nesa. Don haka kafin mu raɗa wa abin suna sai mun san me yake yi, aiki ne ko kwalliya, kuma nan ne na san za a yi rigima.

Waɗanda suka yi zamanin Linux (babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, takwarar Windows) wajen 2006 da 2007 sun san Compiz, manhajar da ke yi wa fuskar kwamfuta tiri-di. Kamfanin Novell ne ya fitar da shi a 2006, aikin David Reveman, sai wasu suka ɓalle suka yi Beryl, daga baya a 2007 suka sake haɗewa aka samu Compiz Fusion. Ka danne maɓallan Ctrl da Alt ka ja mawus, sai fuskar kwamfutar gabaɗaya ta ja da baya ta zama akwati yana juyawa a sarari, kowane gefe da nasa windunan, huɗu a kewaye. In ka ja windo sai ya riƙa rawa yana lanƙwasa kamar na roba, in ka rufe shi ka ga ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus. Duk wanda ya leƙo sai ya ce kai a sake in gani. To bayan sati biyu fa? Yawancinmu mun koma danna Ctrl da Alt da kibiya don sauya gefe mu wuce abinmu, akwatin sai in baƙo ya zo.

Microsoft ma sun yi nasu a Windows Vista da ta fito kasuwa a Janairun 2007, suka kira shi Flip 3D. Ka danna maɓallin Windows da Tab sai windunan su jeru a karkace ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa suna zagayowa. Kyau kam akwai. Amma na gaba ne kaɗai kake gani sosai, sauran gefensu kawai ke leƙowa, in kana da fayil ɗin rubutu biyar a buɗe duk farare ne iri ɗaya, sai ka bi su ɗai-ɗai kafin ka samu wanda kake nema. Apple kuwa tun 2003 suna da Exposé, wanda ke baza duk windunan a shimfiɗe ba wanda ya rufe wani, kallo ɗaya ka danna naka. Da Windows 8 ta zo a 2012 aka cire Flip 3D, kuma yau in ka danna waɗannan maɓallan biyu a Windows 10 ko 11, a shimfiɗe za ka ga windunanka. Ba a yi wa abin ko jana'iza ba.

Akwai waɗanda suka fi haka zurfafawa. Sun Microsystems sun nuna Project Looking Glass a 2003, inda za ka iya juya windo ka yi rubutu a bayansa, ko ka jingine shi a gefe a karkace. Sai BumpTop na Anand Agarawala, wanda ya faro daga aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Toronto. Shi wannan ɗaki ya mayar da fuskar kwamfutar, da bango da ƙasa, fayiloli suna da nauyi, ka wurga ɗaya ya bugi wani, ka zagaye su da mawus su taru su yi tsibi, ka kafe muhimmi a bango. Google ta saye shi a 2010, daga nan aka daina rarraba shi. Ni dai tambayata ga BumpTop ɗaya ce, teburin gaske da takardu suka yi tsibi a kai ai shi ne matsalar da muka gudo wa, don me za a kwaso mana hargitsin a zuba a cikin kwamfuta?

Kuma ba ra'ayi kawai ba ne, an gwada. Andy Cockburn da Bruce McKenzie na Jami'ar Canterbury a New Zealand sun sa mutane su ajiye shafuka sannan su nemo su, a tsari mai awo biyu, da mai awo biyu da rabi (wato mai ɗan zurfi kaɗan), da mai uku, sakamakon ya fito a 2002. Abin da suka gani shi ne duk sanda aka ƙara wa mutum damar amfani da zurfi sai nemowar ta ƙara yi masa wuya, kuma su kansu mutanen suka ce mai ukun ya fi cunkushewa. Dalilin a fili yake, abin da ke gaba yana tare na baya, rubutun da ya karkace ko ya yi nisa ba ya karantuwa, sannan hannunka na ta fama da juya wuri maimakon yin aikin da ya kawo ka.

(Ku lura yanzu na ce "awo biyu da rabi" kuma ba wanda ya yi tuntuɓe. A gwada da fuska biyu da rabi mu ji.)

Hajiya da kika ce na cika tsanani, ki yi haƙuri, akwai gaskiya a maganarki kuma ba zan danne ta ba. Akwatin Compiz shi ya sa mutane da yawa suka fara gane cewa kwamfuta ɗaya na iya samun fuska huɗu, ka ajiye aiki a wannan, hira a waccan. Da baki aka yi musu bayani da ba su kama ba, da suka ga ya juya sai suka gane nan take. Sannan dabarar da ke ƙarƙashin duk wannan wasan, wato a bar katin girafik, ɓangaren kwamfuta mai kula da hoto, ya riƙa harhaɗa hoton windunan, ita ta zauna daram har yau. Ita ke ba ka ɗan hoton windo mai motsi in ka ɗora mawus a kan alamarsa a ƙasa, ita ke sa a zuƙo sikirin ya yi girma sumul don masu raunin gani. Inuwar nan ma da ke gefen windo, wadda ba ka ma lura da ita, ita ke gaya wa idonka wanne ne a sama. Ko da aka koma yayin shafaffen zane, Apple da manhajar wayarsu iOS 7 a 2013, Google da tsarin zanensu Material Design a 2014, ba a yar da inuwa da hawa-hawan abu kan abu ba, Google ma ƙa'ida suka yi mata. Windo ya hau kan windo kuwa tun binciken Xerox na shekarun 1970 ake yinsa. Wato ɗan zurfi kaɗan yana aiki sosai, in ya yi yawa ne yake komawa kallo.

Shi ya sa ga fuskar kwamfuta nake so mu bar lissafi mu ce "fuska mai zurfi" kawai, kishiyarta "shafaffiyar fuska". Gajere ne, kuma bai yi ƙaryar cewa akwai awo na uku na gaske ba. In ana muhawara irin wannan kuma sai mu raba, akwai "zurfin aiki" irin inuwar windo, akwai "zurfin ado" irin windo mai cin wuta. Wani ɗan uwa ya kawo "zurfin ido" tunda ido ake ruɗa, na so shi ƙwarai, sai dai Hausa ta riga ta ba mai zurfin ido aikinsa, shi ne wanda ake cewa ya fara kuka da wuri. "Mai tudu da kwari" ma an kawo, yana da daɗi a baki kuma zai dace da taswira, amma windo mai juyawa ba tudu ba kwari.

Kalmar desktof ɗin kanta, wato sunan fuskar kwamfuta a Turance, na ga wasu na cewa "teburin kwamfuta". Dan Allah a'a, in ka ce wa mutum ya ajiye fayil a teburin kwamfuta zai nemi katako ne. Ga kuma rikicin kwamfutar girke da ita ma desktof ake ce mata. "Fuskar kwamfuta" ta wadatar, mutane ma sun riga sun saba da fuskar waya.

Yallaɓai mai tambaya a kan gilashin nan da ake ɗaurawa a ido, irin Meta Quest ko Vision Pro da Apple ta fitar a 2024, wannan kam awo uku ne na sosai, domin kowane ido hotonsa daban ake nuna masa, in ka matsa da kanka abin ya matsa, hannunka kuma yana shiga gaba ya dawo. A nan ba zan ce fuska mai zurfi ba, "fili mai awo uku" zan ce. Abin dariyar shi ne ka ɗaura shi ka buɗe imel ko burauza, me za ka gani? Shafaffen windo a rataye a iska, don rubutu dai a shimfiɗe ake karanta shi.

Zan sa "awo uku" da "fuska mai zurfi" a rubutun nawa, tiri-di kuma in ambace shi sau ɗaya a farko don mai karatu ya haɗa su. Sunan shi gilashin ne ban samu ba har yanzu, "tabaron gani-kamar-gaske" ya yi tsawo, wa ke da gajere?