Jinyar da ke cinye gida: me kuke gani a wurarenku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Masu aiki kusa da majinyata, a ina kuɗin ya fi zubewa?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. A ɗakin wankin ƙoda. Ana so a yi sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Dangi kuɗin wankin kawai suke lissafawa, sun manta da allurar ƙara jini, gwaje-gwaje, robar da ake sakawa a wuya, da kuɗin mota. In aljihu ya yi rauni sai a koma sau ɗaya. Ruwa ya taru a huhu, a kawo mutum cikin dare yana haki, a biya gado da iskar numfashi, wani lokaci har da ledar jini. Tsallake wanki ya fi wankin tsada.

Jami'in inshora: Gaskiya ne, Hajiya. Dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma ma'aikacin gwamnati ne ya fi morewa: kashi 10 na kuɗin magani yake biya. Shi ma mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 tsarin ke ɗauka. Mai mata biyu da yara tara sai ya biya wa sauran daban. Ɗan kasuwa da manomi su nemi hukumar jiharsu, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. A yi rajista tun ana da lafiya, domin akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki.

Ungozoma: Tun awon ciki a san rukunin jinin mace, a tanadi 'yan'uwa biyu masu bayarwa. Neman jini ana tsakiyar naƙuda shi ke cin lokaci da kuɗi.

Dillalin hatsi: A ƙauye akuyar matar gida ake fara sayarwa, sai hatsi, sai jinginar gona. In ciwon ya faɗo da kaka, buhu na araha, mutum ya sayar da goma, da bazara ya sayi biyar da kuɗin.

Ma'aikaciyar jinya: Kafin a kai ga gona, a tambayi ofishin walwalar majinyata na asibitin koyarwa. Sukan rage wa marasa ƙarfi, amma sai an je da takardar likita da rasit.