Amarya da Kuyanga: Musayar Baitoci Tsakanin Katsina da Daura

'Yar Ƙofar Sauri, Katsina

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina rubuta ƙagaggen labari kan wata budurwa a Katsina, shekarar da Turawa suka shigo, 1903. An ba da ita ga wani attajiri ba da sonta ba. A babi na shida na sa ta ce wa kuyangar gidan, "Ni da ke duk bayi ne." Ga dalilina, a duba mini.

Da sunan Allah zan fara,
Ni 'yar Katsina ɗakin kara,
Alƙalamina yau ya tara
Kukan mata na tun jiya.

An kai baiwa kasuwa,
An duba haƙori da ƙafafuwa,
An ce ta taka, ta yi juyawa,
Aka ƙirga wuri aka biya.

Amarya ma an yi cinikinta,
Ba wanda ya nemi bakinta,
Katanga ce iyakarta,
Ta yi bankwana da hanya.

Ɗaya mari ke ƙafarta,
Ɗaya lalle ne adonta,
Kowacce an rufe bakinta,
Ni na ce hukuncinsu ɗaya.

Malam Ɗan Gobarau, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Baitoci sun tsaru, hukuncin ne ban yarda da shi ba.

'Yata, waƙa ta yi daɗi,
Sai dai awon ya yi faɗi,
Saurara ki ji in faɗi
Inda suka raba hanya.

Sadakin 'ya nata ne,
Gadon uba haƙƙinta ne,
Zauren alƙali buɗe ne,
In an cuce ta, ta je ta tsaya.

In ta yi yaji tana da gida,
Baffa da kawu su zo su shaida,
Ko a yi biko, ko ta yi idda,
Baiwa ina za ta juya?

Guminta na mai ita ne,
'Ya'yanta na rinji, riba ne,
Ran rabon gado lissafi ne,
Ita da shanu layi ɗaya.

Auren tilas yana da ciwo,
Na ga masu kuka suna dawo,
Amma in za ki yi musu awo,
Kar ki zuba su mudu ɗaya.

Inna Ta-Kusugu, Daura

Malam, Allah ya ƙara sani. Duk abin da ka lissafa haka yake a littafi. Ni kuwa da na tsufa ina koyar da 'yan mata a Daura, na ga inda littafi ke tsayawa a bakin zaure bai shiga cikin gida ba. Tun kafin mu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wannan kuka a littafinsa Nurul Albab.

Malam, haƙƙin da ka jera,
Da yawansu ba su ji labarinsa ba.

Macen da ba a koya wa alif,
Ba za ta ƙirga gadonta ba.

Sadaki nata ne a fatar baki,
A hannunta bai kwana ba.

Zauren alƙali na can buɗe,
Mai kulle ba ta san ƙofarsa ba.

Shehu da kansa ya yi tsawa,
Bai sassauta wa malamai ba.

Suna tara ɗalibai a soro,
Matansu ba su iya alwala ba.

Mata da 'ya'ya mata da bayi,
Ko ɗaya ba a karantar ba.

Ya ce kamar kayan gida ne,
In sun fashe ba a waiwaya ba.

Shi ya jera su a numfashi guda,
Ba yarinyar nan ta fara ba.

Nana Asma'u ta ji kiran uba,
Ta naɗa jaji, ba ta zauna ba.

'Yan taru suka ratsa ƙauyuka,
Ba a ce kamammiya ta koma ba.

Jikar Rinji, Daura

Inna, ina gaisuwa. Malam, ina gaisuwa. Kakar mahaifiyata a rinji ta tsufa, wato ƙauyen bayi masu noma. An kamo ta tana yarinya a wani hari, har ta koma ga Allah ba ta san hanyar garinsu ba. Da bakin zuriyarta zan amsa wa ƙanwata, kuma zan fara daga unguwar Inna.

Inna, Kusugu na unguwarki,
Kin san wanda ya sare Sarki,
Kin san Daurama mai mulki,
Me ta ba baƙon? Ta ba shi baiwa.

Mace ce ta bayar da mace,
Ba wanda ya ji me ta ce,
Bagwariya ta haihu, aka keɓance
Jikokinta, banza ake cewa.

Bawo ɗan sarauniya ya gaji gari,
'Ya'yansa shida suka yi tsari,
Ɗan baiwa kuwa, Karɓagari,
Nasa bakwai a gefe ake sawa.

Marubutanmu na son Daurama,
Su sa mata takobi da girma,
Na karanta, na juya, na koma,
Ban ga shafin ɗakin baiwa.

Ƙanwata, amaryar littafinki,
Da take kuka a ƙuryar ɗaki,
Wa ke mata daka da wanki?
Wa ke niƙa tun kafin wayewa?

Kullen da ya sa ta hawaye,
Kakata ta so shi a raye,
Ta yar da fartanya ta janye
Daga ranar gandu mai ƙonawa.

Safiya gandu, la'asar gayauna,
Goyo a baya, kai a rana,
Tsagar fuskarta ke nuna
Garin da ba ta da ranar komawa.

Dare ya yi ta ɗau kaɗi da saƙa,
Wuri kan wuri cikin jaka,
Ga murgu, ga fansa, duk da haka
Kanta take saye a hannun mai sayarwa.

Shi ya sa da bauta ta faɗi,
Matan karkara, ba dogon faɗi,
Suka bar gona suka koma kaɗi,
Don kar a ce da su 'ya'yan baiwa.

In amarya ta ce "mu bayi ne",
Bar kuyanga ta ɗago, haƙƙinta ne,
Ta ce, "Uwar ɗakina, haka ne?
To ga tulu, ni zan yi hutawa."

Har yau in an zo neman aure,
Sai tsofaffi su keɓe a zaure,
A tono asali a warware,
A ce, ai wannan jikar baiwa.

Na-Ƙofar Guga, Katsina

Yaya, kin sa jikina ya yi sanyi. Bari in kawo shaida daga littafin da muka karanta a makaranta, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, shi da ya yi karatu a nan Kwalejin Katsina. Kowa na tuna yaron. Ni uwar nake so mu duba.

An sace yaro, uwa ta bi sawu,
'Ya ce, ba wanda ya mallake ta.

Ta bar gida ta shiga ayari,
Amanar fatake ce guzurinta.

Ba miji kusa, ba wa, ba baffa,
Nan aka samu ƙofar cutarta.

Rairayi ɗaya suka keta su biyu,
Shi ya zam Shaihu, ita ta rasa 'yancinta.

Shi bauta ta kai shi gaban allo,
Ita bauta ta tsotse ƙarfinta.

A Tarabulus suka sadu,
Ganin ɗanta ne ƙarshen kwananta.

Sunan ɗa ne a bangon littafi,
Ita "uwar Umar" muke ce mata.

A Amurka ma marubuta sun daɗe a wannan gaɓa. A 1662 yankin Bajiniya ya kafa doka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko da maigidan ne ubansa. A 1856 wata baiwa, Margaret Garner, ta gudu daga Kentaki ta haye kogin Ohayo, da masu kamu suka cim mata sai ta kashe 'yarta don kada a mayar da ita. A kan labarinta Toni Morrison ta gina littafinta na 1987.

Can ma uwar gida ba ta zaɓe,
Dukiyarta na hannun mijinta.

Amma a madafi ita ce sarki,
Bulalar baiwa na hannunta.

Malam Ɗan Gobarau

Ɗana, tunda ka kai mu Amurka, dole in nuna inda shari'armu ta rabu da tasu, don kada 'yata ta ɗauko rigar can ta sa wa Katsina.

Can ɗa yana bin cikin uwa,
Uba ya kai jininsa kasuwa,
Nan in sa-ɗaka ta yi haihuwa,
Ɗa ne cikakke, ya gaji ubansa.

Ummul waladi sunanta,
Ba mai ikon cinikinta,
Ran da ya rasu ta sami 'yancinta,
Ba ta cikin kayan gadonsa.

Sarakai nawa, ku bincika,
Suka hau gado suka mallaka,
Iyayensu mata sa-ɗaka,
Ba wanda aka tuɓe rawaninsa.

Inna Ta-Kusugu

Malam, ka faɗi gaskiya. Sai dai ka dubi ƙofar da 'yancin ya biyo.

'Yancin nan ta ciki ya biyo,
Wadda ba ta haihu ba ba ta gan shi ba.

Ba waliyyi, ba sadaki,
Ba a ƙirga ta cikin huɗun ba.

Ran da aka sa ta a ɗaki,
Ba a tambaye ta ko ta yarda ba.

Darajarta na wuyan ɗanta,
Matar aure ma ba ta tsira ba.

Juya da mai 'ya'ya mata zalla,
Wane gori ne ba su sha ba?

A nan kam yarinya ta yi daidai,
Ban ga inda ta kauce ba.

Jikar Rinji

Inna, a nan na bi bayanki. Kuma kada mai karatu ya ɗauka zancen ya tsaya a zamanin wuri. Shelar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke hannu ba. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A maƙwabtanmu Nijar kuwa, a 1996 aka sayar da Hadizatu Mani tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ƙarawa a kan matan aure huɗu. A 2005 mutumin da ya saye ta ya ba ta takardar 'yanci. Ku ji abin da ya biyo baya.

Ya miƙa takardar 'yancinta,
Ta ɗaura ƙunshi za ta fita,
Ya ce, "Ina za ki, matata?"
Suna ya sake, ba sakewa.

Ta auri wanda take so,
Aka ce da auren wani ta zo,
Aka yanke mata gidan kaso,
Wata shida, don ta ƙi komawa.

Ba ta sunkuya ba ta kai ƙara,
Kotun ECOWAS ta saurara,
A Yamai aka yanke, aka gyara,
Aka ce ƙasa ta gaza karewa.

A 2008 aka yi wannan hukunci, aka umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar jaka dubu goma, wato sefa miliyan 10. Ƙanwata, in kina neman inda igiyar aure da igiyar bauta suka zama ɗaya, a jikin mace irin wannan suke haɗuwa, wadda aka saya da sunan ɗaya aka riƙe da sunan ɗayar.

'Yar Ƙofar Sauri

Na gode Inna, na gode Yaya, na gode Baba Malam.

Ba zan goge kalmar amarya ba,
Ciwon da ta ji bai zam ƙarya ba,
Amma kuyanga ba za ta yi shiru ba,
Babi na bakwai nata ne ita ɗaya.

Zan ba ta suna da garin uwa,
Da harshen da ba ta mancewa,
Da waƙar da take yi wurin niƙawa,
Da ranar da ta ce ta gaji da biya.

Zan kai ta gaban alƙali,
Zamanin Dikko, ba ta da wali,
Ba ta da dangi, ba ta da hali,
Baba, wa zai fanshe ta ya biya?

Malam Ɗan Gobarau

'Yata, Sarki Dikko ya hau a 1906, to kin faɗa daidai lokacin da kotunan alƙalai ke rubuta fansar bayi. Da yawa daga waɗanda aka fansa mata ne, kuma sau da yawa mai zube kuɗin namiji ne da ke son ta a ɗakinsa, ko da aure ko a sa-ɗaka. Ga yadda za ki shimfiɗa zaman.

Zaunar da alƙali a buzunsa,
Magatakarda da tawadarsa,
Ubangijinta da farashinsa,
Ita tana rakuɓe ita ɗaya.

Sai ga wani ya shigo da jaka,
Ya ce zai fanshe ta, ba shakka,
Aka ƙirga, aka yi masa barka,
Magatakarda ya rubuta: 'ya.

Ba ta fito ta nufi garinsu ba,
Ba a ce ta zaɓi hanyarta ba,
Mai jakar bai biya a banza ba,
Gidansa za su, yana gaba tana baya.

In za ki ba ta baki a nan,
Sa ta tambayi alƙalin nan,
Kuɗin da aka ƙirga a zauren nan,
Fansa ne, ko sadakin amarya?