Me ya sa gardamar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙi ƙarewa?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da yake ɗaure mini kai game da Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Tun ranar 23 ga Yuni 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama, masu son ficewa suka yi rinjaye, ƙasar kuma ta fice ranar 31 ga Janairu 2020. To amma duk sanda na saurari muhawarar 'yan siyasarsu sai in ji maganar tana nan ɗanya. Waɗanda suka sha kaye ne suka ƙi rungumar ƙaddara, ko kuwa akwai abin da mu na nesa ba ma gani? Zan so in ji daga bakin wanda ya zauna da su.

Maman Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina aikin jinya a arewacin Ingila tun kafin a yi ƙuri'ar, a garin da masu ficewa suka yi rinjaye. A ganina matsalar tana cikin takardar ƙuri'ar kanta. Tambaya ɗaya aka yi wa mutane: a zauna ko a fita? Ba a tambaye su wace irin fita suke so ba.

Mutum miliyan 17.4 ne suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, wato kashi 52 da kashi 48 cikin ɗari. Amma waɗannan miliyan 17.4 ɗin ba abu ɗaya ne a ransu ba. Wani dattijo da nake wanke wa ciwon ƙafa ya ce mini shi jar motar kamfen ɗin nan ya gani, wadda aka rubuta a jikinta cewa ana aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba a asibitocin ƙasa. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta faɗa tun lokacin cewa adadin nan yana ɓatar da mutane, amma shi dogon layin ganin likita ya sani. Maƙwabcina magini ne, kukansa shi ne tun da Poland da wasu ƙasashe tara suka shiga Tarayyar a 2004 leburori suka yi yawa, ladan aiki ya ƙi motsi. Akwai kuma abokiyar aikina da iyayenta suka zo daga Pakistan, ita ma ficewa ta zaɓa, domin tana ganin Bature daga Romaniya yana shigowa ba biza, ɗan'uwanta kuwa sai ya sha wuya. Duk su ukun akwati ɗaya suka yi wa alama, kowa da abin da yake jira.

Da aka zo aiwatarwa ne aka ga ashe tsugune ba ta ƙare ba. In Birtaniya za ta zauna cikin kasuwar bai-ɗaya ta Turai, inda kaya da ma'aikata ke zirga-zirga ba shinge, kamar Norway, dole ta bar Turawa su ci gaba da shigowa aiki, to maƙwabcina bai sami abin da ya zaɓa ba. In kuma ta yanke gaba ɗaya, sai takardun kwastan da binciken kaya su dawo. Firaminista Theresa May ta miƙa takardar ficewa a Maris 2017, ta ƙulla yarjejeniya, majalisa ta yi watsi da ita har sau uku. A karon farko, Janairu 2019, ƙuri'a 432 da 202 aka kayar da ita, kuma cikin masu kayarwar har da 'yan jam'iyyarta masu son ficewa, waɗanda suka ce wannan ba fita ba ce.

Ki ƙara da yadda ƙuri'ar ta raba ƙasar. Ingila da Wales sun ce a fita. Landan ta ce a zauna, Ailan ta Arewa ma haka, Sikotland kuwa kashi 62 suka ce a zauna. 'Yan Sikotland ɗin ne a 2014, lokacin ƙuri'ar neman 'yancin kansu, aka ce musu in suna son zama cikin Tarayyar Turai kada su ɓalle daga Birtaniya. Suka ji, shekara biyu bayan nan aka yi ƙuri'ar da ta fitar da su ba da son ransu ba. Ta yaya za su yi shiru?

Ni David Cameron, firaministan lokacin, nake ɗora wa alhaki. Ya kira ƙuri'ar ne don ya kashe wutar rikicin jam'iyyarsa ya kuma rage wa Nigel Farage, jagoran jam'iyyar UKIP mai neman ficewa, kaifi, bai tanadi komai ba ko da za a ce a fita, washegari kuma ya ce ya sauka. Abin ya taɓa mu a zahiri. Saura mako guda a yi ƙuri'ar aka kashe 'yar majalisa Jo Cox a kan titi. Bayan sakamako kuma na ga abokiyar aikina 'yar Poland tana kuka a ɗakin canja kaya, domin majinyacin da take kula da shi ya tambaye ta yaushe za ta koma gida.

Tsohon Malami ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma kin sassauta wa ɓangare ɗaya. Birtaniya ta shiga ƙungiyar a 1973, a 1975 aka tambayi jama'a, kashi 67 suka amince. Abin da suka amince da shi a lokacin ƙungiyar kasuwanci ce. Daga baya aka sa hannu a yarjejeniyar Maastricht a 1992, aka yi ta Lisbon a 2007, iko yana ta komawa Brussels, hedikwatar Tarayyar, ba a sake tambayar talakan Birtaniya ba sai bayan shekara 41. Kafin ƙuri'ar 2016 gwamnati da kanta ta aika takarda gida-gida tana alkawarin za ta aiwatar da duk abin da jama'a suka zaɓa. Da suka zaɓi abin da manya ba sa so, sai aka shafe shekara uku ana jan ƙafa, ana kiran a sake ƙuri'a, ana ce musu jahilai da masu ƙyamar baƙi. Wanda aka yi wa haka ba ya mantawa. Shi ya sa a Disamba 2019 garuruwan ma'aikata da suka gaji zaɓen jam'iyyar Leba tun kakanni suka juya suka bai wa Boris Johnson rinjayen kujeru 80. 'Yata mai tambaya, ki riƙe wannan ma: masu ficewa da yawa sun san aljihu zai iya taɓuwa, suka ce sun ji sun gani, muddin wanda zai yi musu doka shi ne wanda za su iya tsigewa a zaɓe.

Maman Biyu ta sake amsawa:

Malam, Allah ya ƙara girma. Na yarda an raina mutanen nan, ni ma ban goyi bayan a soke ƙuri'arsu ba. Sai dai mu duba abin da ya biyo baya. Hukumar da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi, OBR, ta ƙiyasta cewa a dogon zango ƙarfin samar da arzikin ƙasar zai gaza da kusan kashi 4 in an kwatanta da zama. Baƙi kuma ba su ragu ba a shekarun farko bayan ficewar. A 2022 rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 700,000, sai dai a lokacin daga Indiya da Najeriya da makamantansu suke zuwa, da yawansu aikin asibiti da kula da tsofaffi, ko karatu. Don haka maƙwabcina yana cewa an ci amanarsa, ba a yi ficewar yadda ya kamata ba, masu zama kuma suna cewa ai mun faɗa muku. Kowa ya sami hujjar ci gaba da fushi.

Ga kuma Ailan ta Arewa. Ita kaɗai ce ke da iyakar ƙasa da Tarayyar, kuma zaman lafiyar da yarjejeniyar 1998 ta kawo ya dogara da barin iyakar nan a buɗe. Sai aka mayar da binciken kaya tsakaninta da sauran Birtaniya, jam'iyyar DUP, mai kishin zaman yankin cikin Birtaniya, ta fusata ta janye daga gwamnatin yankin a 2022, ba ta dawo ba sai farkon 2024, duk da gyaran da aka yi wa tsarin binciken kayan a 2023, wanda ake kira yarjejeniyar Windsor. Shi kansa Keir Starmer na jam'iyyar Leba, wanda ya taɓa neman a sake ƙuri'a, da ya zo neman mulki a 2024 cewa ya yi ba zai mayar da ƙasar cikin kasuwar bai-ɗaya ba.