Sabon shiga ce ni a kaɗin ulu, keken yana ta fizge zaren daga hannuna

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ku yi haƙuri idan na tsawaita, abin ne ya ishe ni.

Na kai shekara shida ina saƙa da kwarashi, kullum kaɗaɗɗen ulu nake saya. Tun bara nake sha'awar in riƙa kaɗa zarena da kaina, har Allah ya hore mini keken kaɗi wanda aka taɓa amfani da shi. Na katako ne, mai mataki ɗaya, da kwarkwaro uku. Akwai wata siririyar igiya kamar ta kamun kifi da ta bi ta kan kwarkwaron, da ɗan sifirin a gefe guda, ɗaya gefen kuma da ɗan abin murɗawa. Wanda ya sayar mini bai san kansa ba, na mahaifiyarsa ne.

Yau kwana tara ke nan ina fama. Da na fara takawa sai zaren ya kuɓuce mini ya shige cikin 'yar kafar da zare ke bi zuwa kwarkwaro, in yi ta lalube ina zaro shi. Idan na riƙe gam don kada ya gudu, sai ya kanannaɗe ya yi tauri kamar waya, ulun ya ƙi jawuwa sam. Ga keken kuma yana komawa da baya ba tare da na so ba. Ulun da nake amfani da shi tsefaffe ne na tumakin Merino, don shi aka ce mini ya fi laushi. Ina kuma da ɗanyen gashin tunkiya guda da aka ba ni kyauta, ban wanke ba tukuna.

Keken ne ya lalace ko ni ce ban iya ba? Daga ina ya kamata in fara?

Goggo Mai Mazari:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, duk abin da kika lissafa babu wanda bai same ni ba. Kekenki lafiyarsa ƙalau a yadda na fahimta. Abu uku kike son koya lokaci guda: ƙafa, hannu, da saitin keke. Raba su za ki yi.

Ajiye ulun nan tukuna. Kwana biyu ko uku ki zauna ki yi ta taka keken babu komai a kansa, a hankali, iyakar sanyin da za ki iya ba tare da ya tsaya ba. Taka da sauri kowa ya iya, a hankalin ne aikin. Ki tayar da shi da hannu, ki tura ƙafar keken zuwa dama yadda hannun agogo yake tafiya, sannan ƙafarki ta karɓa. Yana komawa baya ne idan kika danna matakin alhali sandar da ta haɗa shi da ƙafar keken ba ta wuce ƙololuwa ba. Ranar da kika ga kina hira da mutum kina takawa bai juya miki ba, ƙafa ta samu.

Sannan ki zo kan siririyar igiyar nan, birki ce. Fiffiken da ke da ƙugiyoyi shi yake murɗa zare. Muddin kina riƙe da zaren, fiffiken da kwarkwaro tare suke juyawa, murɗi kawai ke shiga. Da kin sassauta hannu, birkin ya rage wa kwarkwaro gudu, sai zaren ya naɗu a kansa. Naki ya yi tsauri da yawa, shi ya sa yake ƙwace miki. Ki kwance shi gaba ɗaya har sifirin ya saki, ki ɗaura tsohon ulun saƙarki a kwarkwaro, ki bi da shi ta ƙugiyoyi ki fito da shi ta kafar. Ki fara takawa kina ƙara birkin kaɗan-kaɗan, har ki ji yana jan zaren a tausashe, yadda kuma idan kika jawo shi baya zai biyo ki ba gardama. Nan za ki tsaya. Idan sifirin ya miƙe sosai kin wuce wuri.

Baba Kafinta:
Goggo ta gama magana a kan birki. Ni ta fannin katakon zan ƙara. Keken da ya daɗe a ajiye ƙishirwar mai yake ji. Ki zare kwarkwaron ki goge sandar ƙarfen da yake hawa, sau da yawa tsohon mai da ƙura sun daskare a wurin. Ki ɗiga man keken ɗinki a sandar, da inda fiffiken yake zama gaba da baya, da mahaɗar mataki. Ki kaɗa kwarkwaron da yatsa, in bai yi ta juyawa sakayau ba akwai sauran datti a cikinsa. Ki shafa ƙugiyoyin, in akwai tsatsa ko kaifi ki goge, suna tsinka zare.

Sai ki dubi inda babbar igiyar da ta zagaye ƙafar keken take hawa a jikin fiffike, za ki ga rami biyu ko uku. Ki sa ta a mafi faɗi, shi ne mafi sanyin gudu. Ki juya ƙafar keken sau ɗaya ki ƙirga juyin fiffiken. Idan kin samu wajen 6 ya yi wa mai koyo daidai, 12 ko fiye kuwa murɗin zai riƙa riga hannunki. Ki kuma duba ƙarƙashin keken ko akwai tambari. In na Ashford ne na ƙasar Niyu Zilan, ko Louet na Holan, ko Kromski na Folan, samun kwarkwaro da igiya ba zai yi miki wuya ba.

Anti Mai Saƙa:
Ƙanwata, wanda ya ce ki fara da Merino ya so ki da laushi amma ya haɗa ki da aiki. Silinsa siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai cika wuce maikiron 24 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ga shi gajere ga santsi, yana son murɗi mai yawa kafin ya riƙe kansa. Shi ya sa yake zamewa ya rabu a hannunki. Nemi ulun tumakin Corriedale, ko Romney, ko Bluefaced Leicester. Ni Corriedale nake ba duk wadda na koya wa. A Niyu Zilan da Ostareliya aka samar da irin, daga haɗa Merino da tumaki masu dogon gashi irin su Lincoln, don haka ya ɗebo laushi ta nan ya ɗebo tsawo ta can, kuma yana da ɗan kama-jiki da ke yafe wa mai koyo kuskure.

Ga abin da ya fi taimaka mini. Ki fizgi ɗan ulu daga baki ki ga tsawon silinsa. Tazarar hannayenki biyu dole ta fi wannan tsawon, in ba haka ba sili ɗaya kike ja ta kai da ta gindi, ba zai taɓa motsi ba. Hannun gaba ya matse zaren kada murɗi ya wuce, hannun baya kuwa riƙon ɗan tsako za ki yi wa ulun, ba damƙa ba. Da murɗi ya tsallake yatsunki ya shiga cikin tulin ulun, shi ke nan ya kulle. In haka ta faru ki tsayar da keke, ki warware shi da yatsu, ki ci gaba. Kuma ki tsaga ulun a tsaye gida huɗu ko shida ki ɗan sassauta shi kafin ki zauna.

Babu laifi ki riƙa yi kina tsayawa: taka sau uku, tsaya, ja ulun, saki murɗin ya hau, bari ya naɗu, sake takawa. Wata guda na yi a haka.

Uwar Tagwaye:
Ni dai da za ki ji tawa, ki rufe keken nan ki yi sati biyu da mazari. A nan hannu yake sanin murɗi ba tare da ƙafa ta raba miki hankali ba.

Goggo Mai Mazari:
Uwar Tagwaye, kin san ni da mazari ba ma rabuwa, amma a nan ban bi ki ba. Yarinya ta riga ta mallaki keke, zuciyarta tana kansa. Na ga waɗanda aka mayar kan mazari suka gaji suka watsar da kaɗin gaba ɗaya. Tsayawa da takawar da Anti ta faɗa shi ne darasin mazarin, a kan keke.

Uwar Tagwaye:
Haka ne Goggo, na karɓa. To bari in yi mata maganar ɗanyen gashin, don a nan na taɓa yin asarar da har yau take min ciwo. Na zuba gashin tunkiya guda cur a ruwan zafi na cuɗa shi kamar wanki, na ɗauraye da ruwan sanyi. Ya dunƙule ya zama kamar tabarma, ko almakashi da ƙyar ya shige shi. Zafi da sabulu da cuɗawa in suka haɗu, ƙananan ɓawon da ke jikin silin sai su sarƙe da juna, kuma ba ya warwaruwa har abada.

Ki bar shi sai hannunki ya faɗa. In lokacin ya yi, ki cire gefen da ya yi kashi da ƙaiƙayi, ki wanke kaɗan-kaɗan a cikin jakar raga. Ruwa mai zafi wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, sabulun wanke kwanuka, ki nutsa shi ki bar shi minti 15 zuwa 20 ba taɓawa. Ki tsame kafin ruwan ya huce, don in ya huce maiƙon yana komawa jikin gashin. Ɗauraya ma da ruwa mai zafi iri ɗaya. Kada ki kusanto da bilic, cinye ulu yake yi. Kada ki tsorata in kin ga ya ragu sosai, maiƙo da datti kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, a gashi mai laushi har rabi. Kafin nan ki ajiye shi nesa da sauran ulunki saboda asu, ki riƙa wanke hannu duk lokacin da kika taɓa shi.

Mai neman shawara:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Na dawo da labari. Baba, na goge sandar, baƙin da ya fita sai wanda ya gani. Ashe igiyar a kan ƙaramin rami take, na mayar da ita babba na ƙirga juyi 6 da ɗan ɗori. Na saki birki yadda Goggo ta ce, na samo Corriedale. Jiya na cika rabin kwarkwaro bai tsinke ba sai sau biyu, har hawaye na yi. Sai dai zaren wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma da na jawo shi sai ya naɗe kansa. In warware in sake ne?

Goggo Mai Mazari:
Kul, kada ki warware komai. Naɗe kan da yake yi shaida ce murɗi ya shiga, haka zare sili ɗaya yake kafin a tufka shi. Ki ci gaba da kula da matsar da zaren daga ƙugiya zuwa ƙugiya don kada ya taru wuri ɗaya ya rufta, kuma yayin da kwarkwaro ke cika zai nemi ki ƙara birki ɗan kaɗan.

Ki kaɗa wani rabin a kwarkwaro na biyu, duk ta dama. Ki bar su su kwana. Sannan ki haɗa bakin biyun ki tufka su a kan na uku, amma wannan karon keken ta hagu zai juya. In kika tufka ta inda kika kaɗa, igiyar ɗaure kaya za ki samu. Da kin gama ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu sako-sako, ki jiƙa a ruwan ɗumi minti 20, ki matse a tawul ba tare da murɗawa ba, ki rataye a inuwa. Za ki ga ya kumbura ya kwanta, rabin rashin daidaiton da ke damunki ya ɓace.

Wannan na farkon ki saƙa hula da shi, babban kwarashi za ki sa. In ya bushe ki ɗauko mana hotonsa kusa da yatsanki mu ga kaurinsa, sai in faɗa miki lambar da za ta dace.